Ga masu hawa dutse da kyamara

Jama'a, duk mai shirin hawa Dutsen Shere na Jos, kada ya kwaso kayansa kaf. Kyamara ɗaya, fulas ɗaya (wato fitilar ɗaukar hoto) da ƙaramar sandar da ake kafa shi a kai sun isa. Abu mai nauyi a naɗe shi da rigar sanyi, ya manne da baya cikin jaka. Batira kuwa sai aljihun ƙirji, don sanyi yana saurin shanye su.

Da hunturu kada a bar fulas a kan kyamara. Haskensa na dukan ƙurar da ke gaban gilashin, hoto ya fito da ɗige-ɗige farare, don haka sai a kai fulas ɗin gefe a kan sandarsa. Ni dai bara iska ta kayar min da sandar har da lemar tausasa haske da ke jikinta, sai da na rataya mata gorar ruwa ta tsaya.