Darasi na Bakwai: Ƙungiyarmu Za Ta Fita Ziyara

Kuɗin zubi ne ke tara mata ranar taro, amma ba shi ke riƙe ƙungiya ba. Abin da ke riƙe ta shi ne zirga-zirgar da ake yi tsakanin taro da taro: barka idan an haihu, dubiya idan wata ta kwanta, gaisuwa idan an yi rashi, gudummawa idan wata ta tashi aurar da 'ya. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take. Ƙungiyar da 'ya'yanta ba sa taka gidajen juna, ranar da aka raba kuɗi ranar take watsewa.

A wannan darasi za mu ga yadda biro da takarda ke sauƙaƙa waɗannan hidimomi. Mafi yawan darasin zai tafi ne a kan fita ziyara wani gari, domin a nan ne lissafi ya fi yawa, a nan ne kuma aka fi samun saɓani.

Littafin hidima

Ban da littafin zubi, ku sayi wani littafin daban, ku rubuta "Hidima" a bangonsa. Duk abin da ƙungiya ta kai gidan wata, magatakarda ta rubuta shi a layi ɗaya: kwanan wata, irin hidimar, gidan da aka je, abin da aka kai. Ga misali:

12 ga Oktoba. Suna. Gidan ma'aji. Sabulu sinƙi 1, kuɗi N6,000.
3 ga Nuwamba. Gaisuwar rasuwa. Gidan shugaba. Gero kwano 5.

Kowa ta san yadda maganar gudummawa take. Bayan shekara biyu sai ki ji wata tana cewa, "Da aka yi nata an kai turmin atamfa, da nawa ya zo sabulu aka ba ni." Ƙila gaskiyarta, ƙila mantuwa ce. Idan akwai littafi, sai a buɗe a karanta a gaban kowa, magana ta ƙare. Ya fi kyau ma tun farkon shekara ku yanke abin da za a riƙa kaiwa suna, da na aure, da na rasuwa, ku rubuta shi a shafin farko.

Bari in sa baki a maganar anko. Yana da kyau a ido, babu musu. Amma idan aka fitar da anko mai tsada, mata uku ko huɗu za su ce ba su da lafiya ranar bikin, alhali lafiyarsu ƙalau, kuɗin ne babu. Idan dole sai an yi, a tsaya a ɗankwali iri ɗaya.

Fita ziyara ba baƙon abu ba ne

Wasu za su ce muku fitar mata a ƙungiya zamani ne ya kawo ta. Ba haka ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru. Mata sukan taso ƙungiya-ƙungiya daga ƙauyuka su zo wurinta ɗaukar karatu, kowace ƙungiya da jagorarta da ake kira jaji. Nana takan naɗa jaji da malfa da jan rawani, don kowa ya gane ta a hanya ya girmama ta. Dattawan mata da ƙananan 'yan mata ne ke yin tafiyar, su dawo da waƙoƙin wa'azi su koya wa matan aure da ke gida. A ƙafa suke zuwa. Ku kuwa mota za ku hau.

A zamaninmu ma, a jihar Maraɗi ta Nijar ne ƙungiyar agaji ta CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, inda matan ƙauye ke tara kuɗinsu a asusu suna ranta wa juna. Daga can tsarin ya bazu ƙasashe da yawa.

Ina za a je, kuma yaushe?

Ku zaɓi wurin da za a je a dawo a yini ɗaya. Kwana a hanya yana ninka kuɗi, yana kuma sa mazaje da yawa su hana. A nan za mu ɗauki misalin ƙauyen da ke ƙasar Kano, matan sun yanke za su shiga birni.

Abin gani yana da yawa, yinin kuwa gajere ne. Akwai Gidan Makama, kusa da fadar Sarki. An gina shi tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, yanzu kuwa gidan adana kayan tarihi ne. A ciki za ku ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da kayan sana'o'in dā. Akwai Kasuwar Kurmi, ita ma tun zamanin Rumfa take ci. Akwai Dutsen Dala, inda ake hango birnin gaba ɗaya, sai dai hawansa aiki ne, kada a matsa wa mai ciwon gwiwa ko mai tsohon ciki. Akwai gidan namun daji mai sunan Audu Bako, gwamnan Jihar Kano na farko, wanda yara suka fi so.

Da ni za a tambaya, sai in ce a fara da marinar Ƙofar Mata, a kuma daɗe a can. Ana danganta ta da shekarar 1498, kuma har yau da baba da toka da kanwa ake haɗa rinin a cikin rijiyoyi. Ku tsaya ku kalli marini yana tsoma zane yana ɗagawa. Zanen yakan fito da ɗan kore-kore, iska na bugunsa sai ya koma shuɗi, a sake tsomawa har ya kai yadda ake so. Abin da ya shafe ku kai tsaye shi ne adon da ke jikin zanen. Mata ne ke ƙulla shi da zare a cikin gidajensu kafin a kawo marina, ana biyan su. Ku tambayi yadda ake ƙullin, da nawa ake biya, da wanda ke rarraba aikin. Magatakarda ta rubuta amsoshin. Mace mai ɗinkin hula ko saƙa ba za ta sha wuyar koyon wannan ba.

Wuri biyu ko uku sun isa. Wanda ya ce sai ya ga komai, a cikin cunkoson motoci zai yini.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, an gama girbi da sussuka, hanya ta bushe, hannu kuma da ɗan abin taɓawa. Kada a sa ranar kasuwarku, masu ƙosai da masu fura ba za su bar cinikinsu ba. Kada a sa Juma'a. Idan hunturu ne, a lura da hazo, direba ba ya ganin hanya sosai da sassafe.

Lissafin tafiya

Kuɗaɗen da ke ƙasa misali ne don koyon lissafi. Farashi yana canzawa, don haka ku aika tasha a tambayo na gaskiya. A ce mata 18 ne za su je.

Shatar mota, zuwa da dawowa: N90,000
Kuɗin shiga, N500 sau 18: N9,000
Ruwan sha: N3,600
Tukuicin masu zagayawa da mu: N5,400
Kuɗin ko-ta-kwana: N18,000
Jimla: N126,000

A raba N126,000 gida 18, kowace mace N7,000 ke nan. Idan aka ce a kawo N7,000 a dunƙule, rabin ƙungiya za ta janye. Amma idan aka ce N500 duk mako, cikin mako 14 an gama. Wato idan aka fara a tsakiyar Oktoba, ƙarshen Janairu kuɗi ya cika.

Kada a taɓa kuɗin adashi ko na rance don tafiya, ko da an ce za a mayar. Na tafiya a ware shi a leda ko gwangwani daban, da shafinsa daban a littafi. Kuɗin ko-ta-kwana kuwa ba na tsire ba ne. Na facin taya ne, ko magani idan wata ta kamu da zazzaɓi a hanya. Idan ba a taɓa shi ba, a dawo da shi cif.

A kowace ƙungiya akwai wadda ba za ta iya biya ba, ko mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, ko ciwo ya cinye jarinta. Ba za ta faɗa ba, cewa za ta yi ba ta sha'awar zuwa. Shugaba ta lura. Idan sauran 17 suka ƙara N30 a kan zubin kowane mako, kujerarta ta fita har da ɗan canji. A yi shi ba tare da an kira sunanta a taro ba.

Neman izini

Kada a bari sai ana gobe tafiya. Tun ranar da aka fara zubi kowace ta gaya wa mijinta, kuma ta je da cikakken bayani. Ku karanta wannan hira, mutum biyu-biyu:

"Malam, ƙungiyarmu za ta je Kano ziyara, ina neman izininka."
"Kano? Ku da wa?"
"Mu 18 ne, har da Inna matar liman. Ƙanin shugaba zai raka mu."
"Yaushe za ku dawo?"
"Za mu tashi ƙarfe 7 na safe, mu baro can bayan la'asar, in Allah ya yarda kafin magariba muna gida."
"Girki fa?"
"Ranar girkin Yaya ce, mun riga mun yi magana da ita."
"To, Allah ya kiyaye hanya."

Kun ga duk abin da ya tambaya tana da amsarsa. Mafi yawan mazan da ke hanawa, rashin sanin da wa za a je da lokacin dawowa ne ke sa su hana. Wadda kuma aka hana, kada a yi mata gori. A riƙo mata tsaraba.

Mai unguwa ma a sanar da shi a rubuce. Ku kwafi wannan takarda, ku cike guraben:

Ranka ya daɗe,
Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna sanar da kai cewa ƙungiyar matan ………… za ta kai ziyara ………… ranar ………… Mu mata ………… ne, da yara ………… Lambar motar ita ce ………… Za mu dawo kafin magariba, in sha Allahu. Muna neman albarkarka.
Shugaba …………
Magatakarda …………

Mota da direba

A ɗauki mota a tasha, a gaban shugabannin tashar, ba a bakin titi ba. Magatakarda ta rubuta sunan direba da lambar wayarsa da lambar motar, a yi kwafi biyu, ɗaya a bari a gida. A ba shi rabin kuɗi kafin tashi, rabi bayan an dawo. A gaya masa tun farko cewa shata ce, ba zai ɗauki fasinja ko buhuna a hanya ba. Idan ya fara gudu, shugaba ta yi magana: "Malam direba, don Allah a sassauta, ba sauri muke yi ba." Kunya ba ta da wuri a nan. Lambar kiran hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ita ce 122. Kowa ta rubuta ta a littafinta.

Ranar tafiya

Daren tafiya dai kun fi ni sanin yadda yake, ga ƙunshi ga kitso ga guɗa. Sai dai a yi guzuri tun da wuri, kuma wanda ba ya saurin lalacewa: dambu, kwaɗon zogale, ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwai, soyayyar gyaɗa. Abincin birni da tsada. A tafi da buta biyu ko uku da tabarmar salla. Mai shan maganin hawan jini ko na sukari kada ta bar shi a gida.

Kafin mota ta tashi, magatakarda ta kira suna ɗaya bayan ɗaya, tana sa alama. Haka za ta yi duk inda aka sauka aka sake hawa. Kada a dogara da "ai kowa ya shigo". Kowane yaro a sa masa takarda a aljihu mai ɗauke da sunansa da sunan ƙauye da lambar wayar shugaba. A Kurmi musamman, lungunan ƙanana ne kuma sun yi kama da juna, don haka a kasu uku-uku, a sa wurin haɗuwa da lokaci. Kuɗin tsaraba a ɗaure shi a lalita, ba a jakar hannu ba.

A hanya ku riƙa karanta allunan da ke bakin titi da babbar murya. Sunayen garuruwa da baƙaƙen da kuka koya aka rubuta su. Wadda ke kusa da taga ta karanta, ta kusa da ita ta rubuta.

A taron farko bayan dawowa, ma'aji ta karanta abin da aka kashe layi-layi, ta ajiye ragowar a tsakiyar tabarma a ƙirga. Idan an karɓi rasit a wurin shiga, a manna shi a littafi.

Aiki

1. Ranar tafiya mata 3 sun fasa, saura 15. Kuɗin shata bai canza ba, N90,000. Nawa ne kason kowace a kuɗin motar kaɗai?

2. An yi facin taya N2,500, an sayi magani N1,200. Nawa ya rage a kuɗin ko-ta-kwana?

3. Rubuta tambayoyi uku da za ki yi wa marini a Ƙofar Mata.

4. Ke da ta kusa da ke, ku zaɓi wani wuri a ƙasarku da za a iya zuwa a dawo a yini ɗaya. Ku tambayo kuɗin shata a tasha, ku kawo lissafinku a rubuce mako mai zuwa.