Yadda na tada Fijo 504 ɗin Baba bayan shekara 3 a ajiye

Tun rasuwar Baba motar ke ƙarƙashin rumfa tana shan ƙura. Batir kam ya mutu murus, sai aro na yi. Kafin in taɓa makulli na canza baƙin mai, na kwance fulogi huɗun, na ɗiga ɗan baƙin mai a ramin kowane fulogi, na juya injin da hannu don kada ya cije.

Na murza, injin na juyawa amma ya ƙi kamawa. Na fara zargin wuta, sai ga fulogi na ba da tartsatsi shuɗi. Ashe fetur ne. Ina buɗe kafireta, inda fetur ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji, wani wari kamar na tsohon fenti ya doke ni. Man ya zama danƙo ja-ja, ya toshe 'yan ramukan da yake bi. Na wanke su da sabon fetur, na hura iska. Ban tsokale su da allura ba, don faɗaɗa rami take yi, motar ta koma shan mai. Tankin ma na tsiyaye shi tas.

A murzawa ta uku ta tashi, da baƙin hayaƙi. Sai kuma tayar baya ta ƙi motsi, tsatsa ta manne birki. Na ɗan bubbuga shi da guduma, ya saki.