Kurakuran da na gaji da gani wajen koya wa yara aikin hannu a gida

Shekara bakwai ke nan ina tara yaran shiyarmu a tsakar gidana a unguwar Mabera cikin Sakkwato duk Alhamis da yamma, tunda ranar babu makarantar allo. Muna ƙera motar kara, muna ginin laka, 'yan mata suna saƙar faifai. Yanzu mata da dama sun fara irin wannan a gidajensu, musamman a dogon hutu, kuma wallahi na ji daɗi. Abin da ya ishe ni shi ne kuskure iri ɗaya da nake tararwa gida bayan gida, har a wajen waɗanda na yi wa bayani baki da baki.

Bari in fara da gam ɗin nan mai kamawa nan take, wanda muke kira sufa gulu, domin shi ya kusa raba ni da ƙanwata. A shekarata ta biyu da fara wannan aikin muna haɗa gida da kwali, rufin ya ƙi zama, sai na ɗauko sufa gulu daga jakata don a yi a gama kafin magariba. Na juya in sauke tukunya, minti ɗaya bai cika ba, na ji ihu. Ɗiyar ƙanwata mai shekara 5 ta matsa shi a yatsa, ta ji yana damun ta, ta kai hannu ta murza ido. Gashin idonta na sama da na ƙasa suka manne. Tana ta kiran "Inna, ba ni gani, ba ni gani," ni kuwa jikina na rawa. A asibiti aka wanke, aka datse gashin, aka rufe idon, sai a kwana na uku ya buɗe. Allah ya sa bai taɓa ƙwayar idon ba. Uwarta ba ta zage ni ba, abu ɗaya ta ce: "Yaya, amana na ba ki." Ta yi wata biyu ba ta tako gidana ba, kuma da gaskiyarta.

Shi wannan gam da damshi yake kamawa, shi ya sa ya fi saurin kama fatar mutum da ido fiye da kwalin da kike son liƙawa. In ya zuba a auduga ko a zanen auduga kuma zafi yake fitarwa, har ya iya ƙona fata. Ga shi ƙaramin bututunsa ya yi kama da na man ido. Don haka a wajena ba batun a yi hankali da shi ba ne, kwata-kwata kada ya shiga inda yara suke aiki. In tsautsayi ya riga ya faru a yatsu, kada ki fizge. Ki tsoma hannun cikin ruwan ɗumi da sabulu, ki shafa man gyaɗa, ki riƙa murzawa a hankali har ya saki. In ido ne, ki zuba ruwan ɗumi mai tsabta, kada ki buɗe shi da ƙarfi, ku tafi asibiti.

Me nake liƙi da shi? Sitati. Cokali 2 na sitati, a dama da ruwan sanyi kaɗan, a sheƙa tafasasshen ruwa kamar kofi ɗaya ana juyawa, yadda ake dama koko, a bar shi ya huce. Yana riƙe takarda da kwali da tsumma tsaf. Kuskuren da ake yi da shi shi ne dama roba guda a ajiye don mako mai zuwa, alhali a zafinmu kwana biyu ya isa ya yi tsami. Ki dama na yini ɗaya kawai. In ina son abin da ya fi ƙarfi, ƙaro nake jiƙawa ya kwana in tace, irin wanda almajirai ke sakawa a tawada. Abin da aka liƙa da sitati kuma a rataye shi, in aka bar shi a ƙasa kyankyasai da gara za su yi buki.

Motar kara ma ba ta bukatar gam ko kaɗan, amma sai in ga uwa tana ta fama da shi. Ɓawon karan ake ferewa a yi tsinke da shi, a soka a totuwar, shi ke nan ya kama. Sai dai a samu karan dawa da ya bushe sarai, ɗanye yana motsewa motar ta saki. Kuma ɓawon nan yana yanka kamar reza, yaron da bai kai shekara 7 ba ke za ki fere masa.

Na biyu da ya ci mini rai shi ne laka. Wata shekara cikin Afrilu yara wajen ashirin suka wuni suna gina 'yan tukwane da kasko da murhu. Na jera su a kan kwanon rufin ɗakin girki don su bushe da wuri, kowa ya tafi gida da nasa washegari. Wanda ya san Sakkwato a Afrilu ya san zafi yana haura maki 40. Kafin la'asar ta washegari babu ɗaya da ya tsira, duk sun tsage, wasu sun rabe biyu. Akwai wani yaro maraya da ya gina tukunya mai marfi zai kai wa kakarsa. Bai yi kuka ba, ya dai tattara gutsattsarin a gaban rigarsa ya fita. Har yau in na tuna sai zuciyata ta sosu.

Na kwashi sauran na kai wa wata tsohuwa mai ginin tukwane, ta juya su a hannu ta ce, "Ɗiyata, wa yac ce miki ana shanya laka ga rana? Ai ba gero na ba." Ita ta fahimtar da ni cewa laka tana motsewa in tana bushewa. In rana ta busar da bayanta alhali cikin da sauran ruwa, bayan zai ja, cikin ya ƙi, sai ta tsage. Tun daga ranar ga yadda nake yi: in jiƙa lakar kwana biyu, in tsince tsakuwa da saiwoyi, in daka tsingaro ya yi laushi in zuba kamar kashi ɗaya cikin huɗu, in cuɗa sosai har ta daina kama hannu. Kaurin abin da za a gina kada ya wuce na ɗan yatsa. In an gama a kai ɗaki, a lulluɓe da tsumma mai ɗan damshi kwana biyun farko, sannan a buɗe a bar shi a inuwa har mako ya zagayo. Kada sanyin hunturu ya ruɗe ki, busasshiyar iskarsa ita ma tana tsaga laka. Kuma kada a jefa abin da bai gama bushewa ba cikin murhu wai a gasa, ruwan da ke ciki zai zama tururi ya fasa shi, gutsuren ya yi tsalle a fuskar yaro.

Duka biyun nan gaggawata ce ta jawo su, kuma gaggawar nan ita nake gani a hannun iyaye mata yanzu, ta wata fuskar. Yaro ya fara saƙa, layi ya karkace, sai uwa ta fizge: "Kawo, ba ka iya ba." Ta zauna ta yi abinta mai kyau, ta miƙa masa ya riƙe, ta ɗauki hoto ta sa a WhatsApp. Haba baiwar Allah! Aikin waye wannan? Yaron ya san ba nasa ba ne, shi ya sa ko kallon abin ba ya sake yi, kuma gobe in kika kira shi zai ce ya gaji. In kina son nuna masa, ɗauki naki karan ki zauna gefensa ki yi, ya gani ya kwaikwaya. Motarsa in ta fito da taya uku, ki tambaye shi yadda za ta tafi, ki bar shi ya gano. Ni dokata a tsakar gidana ita ce babba ba ya taɓa aikin yaro sai in wuƙa ko wuta ta shigo ciki.

Akwai kuma ɗauko kayan aiki daga bola ba bincike. Gwangwani ko robar da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko na feshin gona, ko an wanke sau goma, ba na wasan yara ba ne. Tsohon batir ma haka, ko na tocila da ake fasawa don baƙin shafa wa allo, balle na mota mai dalma a ciki. Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara bai kamata a tuna mana aikin dalma ba. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ƙurarta daga duwatsun zinariya da ake dakawa cikin gidaje. In baƙi kike so, gawayi da ƙaro sun wadatar.

Sauran ƙanana ne. Motar langalanga a lanƙwashe bakin gwangwanin a daddake shi kafin a ba yaro. Kaba a jiƙa ta kafin saƙa, in ba haka ba karyewa za ta yi, kuma a rina ta tun kafin a fara, ba bayan an gama faifan ba. Duwatsun ado da maɓallai a nisanta su da ɗan ƙasa da shekara 3. Ƙwarya sabuwa a kankare totuwarta a wanke, ɗacin nan guba ne. Kada a narka leda ko roba a wuta don yin taya, tsohon silifas da almakashi sun isa.

Fenti kuwa na daina saye. Karan dafi yana ba ni ja, lalle ruwan ƙasa, kurkum rawaya, ruwan zoɓo kuma in aka ɗiga masa kanwa sai ya juye a gaban idon yara, abin da suka fi so ke nan. Fata ma ba sai kin sayi sabuwa ba. Garin nan da jar akuyarsa ta yi suna a duniya saboda kyan fatarta, guntaye ba sa yankewa a rumfunan dukawa. Ina aika babban ɗana ya roƙo ko ya sayo da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, in huda musu ramukan da kaina da basilla, yaran kuma su zura zare su ɗinka 'yan jakunkunan kuɗin Sallah.