Yadda ƙungiyar sa-kai za ta adana tarihin garinta

Ƙungiyar da ta tashi adana tarihin ƙaramin birni ta fara da muryoyin tsofaffi. Takarda da hoto za su iya jira zuwa baɗi, dattijo mai shekara 85 ba lallai ya jira ba. A jera sunayen mutum goma zuwa sha biyar, mafi tsufa da masu rashin lafiya a gaba. Kada jerin ya tsaya kan masu mulki da attajirai: ungozoma, tsohon direba da malamar firamare mai ritaya sun ga abin da babu wanda ya rubuta.

Kafin a kunna na'urar ɗaukar sauti, a karanta wa mai bayani takardar amincewa. Wa zai saurari hirar? Za a sa ta a intanet? Akwai sashen da yake so a rufe sai bayan wasu shekaru? Ya sa hannu, ko ya faɗi yardarsa da baki a farkon ɗauka. In babu wannan, magada na iya zuwa bayan rasuwarsa su nemi a janye komai, kuma ƙungiya ba ta da abin cewa.

A ɗauki sauti a tsarin WAV, wato fayil ɗin da ba ya rage komai daga sautin, a saita ingancin ɗaukan a kan 48 kHz da 24 bit. Awa ɗaya ta sitiriyo, wato sauti mai ɓangaren hagu da dama, tana cin kusan gigabait 1. MP3 na rabawa ne kawai, domin yana zubar da wani ɓangare na sautin, kuma abin da ya zube ba ya dawowa. Makirufo ya kasance santimita 20 zuwa 30 daga baki. A kashe fanka da talabijin, a nisanci firji, domin kunne ya saba da gunjinsu amma na'ura tana kwashe shi duka. A yi gwajin daƙiƙa 30 a saurara, sannan mai tambaya ya faɗi kwanan wata, wuri da sunayen waɗanda ke zaune.

Tambayar da amsarta "eh" ko "a'a" ce tana kashe hira. A ce, "Baba, yaya wannan unguwa take lokacin kuna yara?" In ya yi shiru a bar shi, sau da yawa bayan shirun ne maganar ke fitowa. Mutane kan rikita shekaru amma ba su cika rikita abin da ya riga wani ba, saboda haka a tambaya: kafin ambaliyar ne ko bayanta? Zama kada ya wuce minti 90. Rubuta hirar awa ɗaya kalma-kalma kan cinye awa biyar ko fiye, don haka a fara da taƙaitaccen jadawali: minti na 12 gina makaranta, minti na 31 gobarar kasuwa.

Hotuna da takardu kuwa, duk abin da ya shigo a ba shi lamba a littafin rajista a ranar: wanda ya kawo, kyauta ne ko aro, su wa ke ciki, wace shekara. Nan ne ƙungiyoyi kan faɗi, su tara kwalayen hotunan da ba wanda ya san fuskokinsu. A rubuta lambar a bayan hoto da fensir mai laushi, biro yana huda kuma tawadarsa tana ratsawa. A yi sikanin gaba da baya, 600 dpi (yawan ɗigo a kowane inci) ga hoto, 300 ga takarda, a tsarin TIFF, fayil ɗin da ke adana hoto da cikakken ingancinsa. Ban da salatif, ban da roba, ban da laminatin; zafin laminatin da gam ɗinsa suna lalata takarda, kuma ɓare shi da wuya. A cire kilif da fil saboda tsatsa. Kwalaye su hau kanta, nesa da ƙasa da rana, a ɗakin da laimarsa ke tsakanin kashi 30 da 50 cikin ɗari.

Kowane fayil ya zama kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani gini daban. A buɗe su sau ɗaya a shekara a tabbatar suna aiki. Kalmar sirrin buɗe fayilolin mutum uku su riƙe ta, kuma kundin ƙungiya ya fayyace ɗakin karatu ko gidan tarihin da zai karɓi kayan in ƙungiyar ta watse.

Hotunan da ba a gane ba a buga kwafinsu a baje wa jama'a, da farar takarda da fensir a ƙarƙashin kowanne, mutum biyu kuma su zauna da rajista suna rubuta sunan duk wanda ya ba da bayani.