Teres ko gida mai zaman kansa?

'Yan uwa masu neman gida a Abuja, in iyali na ƙaruwa ku duba fili kafin fenti. Gidan teres, wato gidajen bene da ake ginawa a jere manne da juna, irin na rukunonin Lokogoma da Lugbe, ya fi araha, amma bango ɗaya kuke da maƙwabci, kuma babu wurin ƙara ɗaki. Yara na tasawa dole a raba wa maza da mata makwanci. Hajiya ta zo, hawa bene ya gagare ta. Ragon layya ma sai a rasa inda za a ɗaure shi. In aljihu ya kai, ku sayi mai zaman kansa ko da bayan gari ne. In teres ɗin ne dai, ku nemi na ƙarshen layi mai ɗaki a ƙasa, ku kuma tambayi kuɗin hidimar rukunin na shekara kafin ku biya.