Yadda ake auna gololin hokin ƙanƙara a fitar da wanda zai fara

A gasar NHL ta Amurka da Kanada kowace ƙungiya gola biyu take sa wa kaya ranar wasa, amma raga ɗaya ce, toh ciwon kan koci kenan, wa zai tsaya wa zai ɗumama benci. Ba kamar ƙwallon ƙafa ba da gola ɗaya zai iya kwashe kaka cur a raga, nan an saba buga wasa 82 a kaka, wani lokacin yau wasa gobe wasa a wani garin, ga kaya jibge a jiki ga durƙuso da miƙewa ba adadi. Ga yadda za ka auna su.

Da farko ka ture maganar yawan nasara gefe. Golan da 'yan gabansa ke cin huɗu biyar kullum zai tara nasara ko da ragarsa na yoyo. Haka ma lissafin ƙwallo nawa ake zura masa a duk minti 60, rabinsa aikin 'yan baya ne.

Na biyu ka duba kason tarewa, wato cikin harbin da aka yi masa nawa ya tare. Za ka ga an rubuta .910 ko .920, ma'ana cikin harbi 1,000 ya tare 910 ko 920. Wani zai ce ai duk ɗaya ne, wallahi ba ɗaya ba ne. Ɗauka ana harba masa 30 a wasa, ya yi wasa 50, harbi 1,500 kenan, wannan ɗan bambancin ya zama ƙwallo 15, kuma a gasar da wasanni da yawa da tazarar ƙwallo ɗaya suke ƙarewa 15 ba abin wasa ba ne. Sai dai kar ka yanke hukunci da wasa biyar ko shida, gola na iya zafi na sati biyu ya dawo ya huce.

Na uku, kuma nan ne yawancin masu gardama ke zamewa, harbi ba duka ɗaya ba ne. Wanda aka ɗirka tun daga shuɗin layi, wato layin da ke can nesa da raga, gola na kallonsa tun daga nesa, da wanda aka buga a bakin raga bayan an ratso da fasin daga gefe zuwa gefe, ai ba a haɗa su. Shafuka irin su MoneyPuck da Natural Stat Trick suna ware harbi masu haɗari daban, suna kuma lissafa ƙwallo nawa ya kamata a ce sun shiga idan golan tsaka-tsaki ne a wurin, sai a cire waɗanda suka shiga da gaske. Abin da ya rage shi ne guminsa na kansa. Idan gololin biyu ƙungiyarsu ɗaya aikinka ya yi sauƙi tunda 'yan bayan ɗaya ne, ka dai duba wa aka fi jefa wa manyan ƙungiyoyi wa kuma ake ba masu rauni.

Daga nan sai ka kalla da idonka. Ragar ƙafa shida ce a faɗi, huɗu a tsayi, ƙwallon kuma ɗan faifan roba ne baƙi. Ka sa ido kan inda faifan ke zuwa bayan ya tare. Gwani yana rungume shi a ƙirji alƙali ya busa, ko ya karkatar da shi kusurwa, wanda bai nutsu ba kuwa sai ya amayo shi tsakiya daidai sandar abokin gaba. Ka kuma duba in an tsaya masa a gaba an rufe masa gani, yana leƙowa ya nemi faifan ko zubewa kawai yake ya bar wa sa'a.

Sai batun gajiya, da kuma kar a yi taurin kai. Dubi Boston Bruins a kakar 2022-23, sun ci wasa 65 wanda ba a taɓa yi ba a tarihin gasar, suna karɓa-karɓa tsakanin Linus Ullmark da Jeremy Swayman, Ullmark ya gama da .938 ya ɗauki kyautar Vezina ta gwarzon gola, Swayman kuma .920. Ana shiga wasannin neman kofi sai koci Jim Montgomery ya bar tsarin da ya kawo su nan, ya fara da Ullmark wasa shida a jere da Florida Panthers. Boston na gaba da wasa 3-1 a jerin karawar, wadda duk wanda ya riga cin wasa huɗu shi ke wucewa, a wasa na biyar Ullmark ya fito bayan raga ya ba da fasin da ya faɗa hannun Florida, Matthew Tkachuk ya ci a ƙarin lokaci, na shida kuma Florida ta sake ci 7-5. Sai a na bakwai aka tuna da Swayman wanda bai fara ko ɗaya ba cikin shidan, aka fitar da su. Ni a ganina tun bayan na biyar ya kamata a canza.

Kwatanta da Washington Capitals a 2018. Alƙaluman kaka sun nuna Philipp Grubauer ya fi Braden Holtby, kuma koci Barry Trotz ya bi alƙaluman ya fara da shi a wasannin neman kofi, ba laifi. Amma da abokiyar karawarsu Columbus ta fara yi musu ruwan ƙwallo har gidansu bai tsaya kare zaɓinsa ba, tun cikin wasa na biyu ya saka Holtby, daga na uku ya bar masa ragar, da shi suka ɗauki kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, na farko a tarihin ƙungiyar.

In kuma so kake ka san wanda kocin ya zaɓa kafin a sanar, bi rahoton atisayen safe na ranar wasa, galibi golan da ya riga barin ƙanƙara shi zai fara, ɗayan yakan tsaya a ci gaba da harba masa.