Yadda ake jan ragamar ƙungiyar sa-kai ta kare kogi: abin da bakin Kogin Haɗeja ke bukata

Wanda ya karɓi shugabancin ƙungiyar kare kogi ya karɓi aikin da babu albashi, babu ikon tilasta wa kowa, kuma duk wanda zai yi wa magana abincinsa na cikin ruwan nan. Masunci na son ruwa ya daɗe a fadama, manomin rani na son a karkato masa shi, makiyayi na son hanyar mashaya a buɗe, mai tifa kuwa yashi yake nema. Aikin shugaba shi ne ya haɗa waɗannan a kan tabarma ɗaya, su ɗauki aiki guda su gama shi a lokacin da ruwa ya ba da dama.

Kafin komai sai ya san daga ina ruwan garinsu yake zuwa. Kogin Kano, wanda aka datse a Tiga a 1974, da Kogin Chalawa, wanda aka datse a 1992, su ne ke haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗeja. Daga nan ya bi ta Ringim da Auyo da Haɗeja, ya rarrabu a fadamun Guri da Kirikasamma da Nguru, ya haɗu da ruwan Jama'are mai gangarowa daga tsaunukan Jos a wajajen Gashuwa, ya zama Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Kafin a yi dam, ruwa kan zo da damina ya janye da rani, rassan kogi su bushe. Yanzu da ake sakin ruwa har da rani, kachala, doguwar ciyawar nan da ke fitowa a cikin ruwa, ta sami wurin zama, yashi da taɓo na taruwa a gindinta, mashigai na toshewa. Shi ya sa za ka ga wani gari yana kukan ambaliya, wani a ƙasa da shi yana kukan ruwa bai iso ba, alhali ciwon ɗaya ne.

Ku yanki abin da za ku iya

Ƙungiyar da ta ce za ta ceto dukan kogi ba ta kaiwa damina biyu. Ku zaɓi yanki na kilomita uku zuwa biyar, wanda za a iya takawa a ƙafa a wuni guda, mai iyaka da kowa ya sani, kamar daga gada zuwa mashayar shanu. A watan Maris ko Afrilu, lokacin da ruwa ya yi ƙasa sosai, ku bi gaɓa ku huɗu ko biyar, tare da tsohon masunci guda da ya san inda ruwa ke bi a da. Ku rubuta inda gaɓa ke zubewa, inda kachala ta rufe, inda aka fasa gaɓa don ban-ruwa, inda kwazazzabo ke shigo da yashi, inda ake zuba shara, inda ake ɗiban yashi. Kowane wuri a ɗau hotonsa da waya daga gindin wata bishiya ko wani abin da ba ya gusawa, domin baɗi a tsaya daidai nan a sake ɗauka. Hotuna biyu na wuri ɗaya, shekara guda a tsakani, sun fi dogon jawabi shiga kunnen shugaban ƙaramar hukuma.

Sannan kwamiti. Kada ya wuce mutum tara ko goma sha ɗaya, kuma kujerun na sana'a ne, ba na abokai ba: wakilin sarkin ruwa, wakilin sarkin noma, wakilin Arɗo, mace ɗaya ko biyu daga masu banda kifi da masu aikin shinkafa, matashi mai iya rubutu da waya, liman ko wani dattijo da ake jin nauyinsa. Kujerar makiyaya ita aka fi mantawa, kuma ita ce ke rusa aiki daga baya, domin dashen da aka yi a kan burtali ba tare da an tambaye su ba, shanu ne za su yi kiwonsa. Idan kogin ya raba gari biyu, to kowace gaɓa ta sami wakili tun daga zaman farko.

Kada a kira taron gari kafin a je gaisuwa. Mai unguwa, sannan dagaci, shi kuma ya kai ku gaban hakimi; a ƙasar Bade da Nguru bulama da lawani ne. Ba izinin kafa ƙungiya kaɗai ake nema ba, ana neman ya zama sanarwar gayya ta fito daga bakinsa ne. Magana gajera ta isa: "Ranka ya daɗe, mashigin da ke kai ruwa fadamar gabas ya toshe. Muna da mutum talatin da lauje. Idan ka sa rana, za mu fito." Rajista a sashen ci gaban al'umma na ƙaramar hukuma ta wadatar a farko. Ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, sai an zo buɗe asusun banki da sunan ƙungiya ko neman tallafi daga waje.

Yankan kachala

Nan ne mafi yawan ƙarfi ke tafiya a banza, don haka sai a natsu. Ran kachala ba a ganyenta yake ba, yana cikin saiwar da ke yaɗo ƙarƙashin taɓo, kuma saiwar nan ta cikin ganye take samun iska. Idan aka yanke a saman ruwa, ko aka cinna mata wuta da rani, saiwa ba ta ji komai ba. Cikin 'yan makonni za ta tofo ɗanya shar, har ta fi da. Yankan da ke kashe ta shi ne na ƙarƙashin ruwa: a nutsar da lauje a yanke ta kamar santimita 20 zuwa 30 ƙasa da fuskar ruwa, wajen taƙi guda ke nan ko sama da haka, yadda kututturen zai zauna a nutse. Idan ruwa ya janye bayan kwana uku kututture ya leƙo, an yi aikin banza. Saboda haka lokacin da ya fi shi ne dab da ƙaruwar ruwa, kuma kafin ta fitar da kan nan mai kama da zangarniyar gero, wanda iska ke watsa irinsa ko'ina.

Yanka ɗaya ba ya isa. A koma bayan mako uku zuwa huɗu a sare abin da ya leƙo, a sake komawa karo na uku. Shugaban da ya tara mutum ɗari ranar farko da kiɗa da abinci, amma bai tanadi mutum goma sha biyar na zagaye na biyu ba, ya yi biki ne kawai.

A fara daga ƙasa ana hawowa sama, domin ruwan da aka buɗe wa hanya ya sami inda zai wuce, ba ya taru a kan gonar wani ba. Kada a ce sai an share duk faɗin. A buɗe hanya ɗaya mai faɗin mita uku zuwa biyar wadda kwalekwale zai bi, daga farko har ƙarshe ba yankewa. Rabin mashigi a buɗe da rabi a toshe, toshe ne. A raba mutane kashi uku: masu yanka a cikin ruwa, masu ja da ƙugiya ko kwalekwale, masu tarawa a tudu nesa da inda ambaliya ke kaiwa. Abin da aka yanka aka bari a ruwa zai taru a lanƙwasa ta gaba ya zama sabuwar toshiya. Inda yashi ya riga ya cike mashigi har ya zama tudu, wannan ya fi ƙarfin lauje. A rubuta wa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da ma'aikatar muhalli ta jiha, a haɗa da hotuna da tsawon wurin a mita.

Ruwan da kachala ta tsayar gidan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ne. Yara kada su shiga. Masu yanka su sa dogon takalmin roba in da hali, kowa ya yi wanka da sabulu da ruwan rijiya da zarar ya fito, wanda kuma ya ga jini a fitsari ya tafi asibiti, akwai maganinta. A buga ciyawa da sanda kafin a kutsa saboda maciji, kuma a ƙirga mutane kafin shiga da bayan fitowa.

Gaɓa, kwazazzabo da jinga

Gaɓar da aka nome har bakin ruwa dole ta zube. Abin nema shi ne a bar tazara ba noma, ko da mita biyar ce, kuma wannan ba ya samuwa da umarni, sai da ciniki: mai gona ya bar tazarar, ciyawa da 'ya'yan itacen da suka fito a wurin nasa ne. Ciyawar jema ita ce ta fi riƙe gaɓa saboda saiwarta na nutsawa ƙasa sosai. A raba tushenta ƙanana, kowane da kara biyu ko uku, a datse ganye ya rage kamar santimita 20, a dasa a layi a gicciye da gangare, santimita 10 zuwa 15 tsakanin tushe da tushe. Idan aka yi tazara mai faɗi don iri ya kai, ruwa zai bi ta tsakani ya haƙa rami. A dasa da zarar damina ta zauna, domin ta kama ƙasa kafin ruwan Agusta da Satumba. Bayan layin jema sai itatuwan da ke jure tsayuwar ruwa, irin su giyayya da bagaruwa. Mangwaro da sauran na marmari a can tudu. Gara dashe ɗari biyu da aka killace kowanne da ƙaya aka ɗora wa wani mutum da suna, da dubu biyu da aka dasa ranar taro aka watse.

Kwazazzabo daga kansa ake kama shi, ba daga bakinsa ba. Shingayen dutse ko buhunan yashi ƙanana, kada tsayinsu ya wuce rabin mita zuwa mita ɗaya, tsakiya ta fi gefe ƙasa, gefunan a cusa su cikin gaɓa, a shimfiɗa duwatsu a inda ruwa zai faɗo. Wanda aka yi shi a miƙe ba kwari a tsakiya, ruwa zai zagaye shi ya ci gefe.

Jinga kuwa tana bukatar hattara ta wani fanni. Buhu ana cika shi rabi zuwa kashi biyu cikin uku ne, a jera kamar ginin bulo, gindi ya ninka tsayi sau biyu ko uku. Amma ruwan da jingarku ta hana shiga ba ɓacewa ya yi ba, ƙetare ya nufa. Kafin a ɗaga ta, a zauna da garin da ke ɗaya gaɓar. Rigingimu da yawa na bakin kogi daga jingar da aka fasa da dare suke farawa.

Ku kafa sandar awo a ƙafar gada, a yi mata zane da fenti duk santimita 10, mutum ɗaya ya riƙa karantawa kullum da safe yana rubutawa. Ku haɗa zauren WhatsApp da garuruwan da ke sama da ku. In ruwa ya tashi a Wudil ko Ringim, na ƙasa sun sami lokacin kwashe hatsi da dabbobi. Hasashen damina na hukumar yanayi ta ƙasa (NiMet) da na ambaliya na hukumar lura da ruwan koguna (NIHSA) suna fitowa kafin damina, sai a karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a.

Dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta kamu da guba da abin fashewa da lantarki, ta kuma sa inci uku a matsayin mafi ƙanƙantar idon raga. Amma ƙungiya ba hukuma ba ce. Ba ta ƙwace koma, ba ta cin tara, ba ta tare tifa a hanya. Ta kai magana ga sarkin ruwa da dagaci, su yi hukunci. Idan aka wayi gari kifi ya mutu birjik ko ruwa ya sauya launi, a ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta, a rubuta rana da lokaci da wuri, a ɗau hoto, a sanar da ma'aikatar muhalli da NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, a ranar, kada a ɗora wa kowa laifi a Facebook kafin a gwada. Wankin injin feshi a cikin kogi ma yana kashe kifi, kuma sau da yawa mai yin sa ɗan ƙungiya ne.

Kuɗi da kujera

Ƙungiyoyin sa-kai ba kasafai talauci ke kashe su ba, kuɗin farko da ya shigo ne. Tun babu ko sisi a rubuta ƙa'ida: mutum uku ke sa hannu, ba a fitar da kuɗi sai da biyu, ma'aji ba ɗan'uwan shugaba ba ne, kowane wata a karanta shiga da fita a bainar jama'a, har kuɗin goro. Kayan aiki, lauje, adda, shebur, baro, a yi musu lamba da fenti, a ajiye a ɗaki ɗaya da littafin aro. Kuɗin zama kuwa a guje shi. Ranar da aka fara biyan mutane don sun zo taro, ranar gayya ta mutu, domin gobe ba mai shiga ruwa sai ya ji nawa ne. Abinci da ruwan sha a wurin aiki, da man kwalekwale, sun isa. Idan wani shiri kamar ACReSAL, shirin gwamnati da Bankin Duniya na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, ya zo da tallafi, a faɗi adadinsa a gaban kowa a ranar da aka ji.

Ɗan siyasa zai kawo buhuna da shebur, musamman in zaɓe ya matso. A karɓa da godiya a gaban dagaci, amma ban da hula da fosta a wurin gayya, kuma wanda ya fito takara daga cikin shugabanni ya ajiye kujerarsa.

Wa'adin shugaba shekara biyu, sau biyu in ya yi yawa. Mataimaki ya riƙa jagorantar gayya ɗaya cikin uku tun shekarar farko, kuma lambobin wayar jami'an hukuma su kasance a littafin ƙungiya, ba a wayar shugaba kaɗai ba. Taron wata-wata kada ya wuce awa ɗaya, a sa shi ranar da ba kasuwa, a tashi da sunan wanda zai yi kowane abu da ranar da zai kawo bayani. Zaɓe da miƙa littattafai a yi su bayan kaka, a Disamba ko Janairu, domin sabon shugaba ya sami wata biyu yana karanta littafin awon ruwa da na kuɗi kafin zagayen gaɓa na watan Maris.